Hankali: Asalin Kalmar da Nauyin da Take Ɗauke da Shi

Duk wanda ya taɓa zama a inuwar dogon-yaro a Tsohuwar Maiduguri da la'asar, ya kasa kunne ga masu kai da kawowa, ya san ba a yin rabin sa'a sai harsuna huɗu ko biyar sun gilma ta gabansa. Ga Barbarci, watau harshen Kanuri, wanda shi ne na masu gari. Ga Larabcin Shuwa. Ga Hausa wadda ta zama harshen ciniki. Ga kuma Fillanci. Kowane da irin gaisuwarsa da irin faɗansa. Amma akwai wata kalma guda wadda mai lura zai ji tana fitowa daga kowane baki, sai dai kowa da irin rigar da ya sa mata. Bahaushiya ta aiki ɗanta sayen man gyaɗa, ta bi shi da “yi hankali.” Babarbare in zai yaba natsuwar yaro, hangal zai ambata. Bafillace ya ce hakkillo. Bashuwe kuwa ba aro ya yi ba, gama daga harshen kakanninsa kalmar ta fito.

Hankali dai ba a ganinsa da ido, ba a auna shi da mudu, amma da wuya Bahaushe ya yini bai ambace shi ba. Irin waɗannan kalmomi na abubuwan da ake sani a zuci ba a riƙe su a hannu, kamar gaskiya da haƙuri da mutunci, yawan faɗarsu yakan sa a mance da nauyinsu. Saboda haka ya kyautu a bi sawun wannan kalma, a ga inda ta fito da abin da ta ɗauko a hanya, musamman da yake a Barno ta yau akwai bayin Allah da yawa waɗanda samun lafiyarsu ya rataya ga yadda maƙwabta da dangi suke amfani da ita.

Daga dabaibayin raƙumi

Asalin kalmar Larabci ne, watau aƙl, mai harufa uku: ainun da ƙaf da lam. Tun kafin malamai su ɗauke ta su kai ta cikin littattafai, kalma ce ta makiyaya. Idan Balaraben sahara ya sauka zango, yakan durƙusar da raƙuminsa, ya naɗe masa ƙafar gaba ya ɗaure da igiya don kada ya tashi ya ɓace cikin dare. Wannan ɗauri shi ne ma'anar farko ta harufan nan uku, igiyar kuwa sunanta iƙal. Alhazai sun sha ganin baƙar igiyar nan da Larabawa ke ɗorawa bisa mayafin kansu. Sunan da take amsawa ke nan har yau. Haka kuma a fikihu, dangin da ke haɗuwa su biya diyyar kisan kuskure ana kiransu aƙila, don a dā raƙuman diyya akan kawo su ne a ɗaure a ƙofar dangin mamaci.

Malaman lugga sun bayyana cewa an ba tunanin ɗan Adam wannan suna ne saboda shi ke yi wa mai shi dabaibayi, ya hana shi afka wa abin da zai halaka shi. Wani abin lura kuma shi ne, a cikin Alƙur'ani mai girma kalmar ba ta zo a matsayin suna ba ko sau ɗaya; a matsayin aikatau ta zo, har sau 49. Ashe ke nan tun can abu ne da ake aikatawa. Daga nan malaman shari'a suka sa shi sharaɗi: ba a ɗora wa mutum nauyin ibada ko na ma'amala sai ya balaga kuma yana da hankali. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa shi cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, tare da addini da rai da zuriya da dukiya.

Duk inda Musulunci da fatauci suka sa ƙafa, kalmar ta bi su. A gaɓar Afirka ta Gabas masu Suwahili suna cewa akili. Turkawa suna cewa akil, mutanen Malesiya da Indunusiya kuma akal. A nan Afirka ta Yamma, Bambarawan Mali suna da hakili, Zabarmawa suna da lakkal, Yarbawa kuma laakaye. Waɗannan biyu na ƙarshe sun haɗiye kalmar ne tare da lam ɗin nan na al da Larabawa ke sawa a gaban suna, kamar yadda Hausa ta yi da lahira da lafiya da labari.

Alamun hanyar Barno

To, amma siffar kalmar a bakin Bahaushe tana da abin dubawa. Bisa al'ada, idan Hausa ta ari kalma kai tsaye daga littattafan Larabci, harafin ƙaf yakan zama ƙ mai lanƙwasa. Shi ya sa ake da alƙali da alƙalami da ƙa'ida da ƙabila da haƙiƙa. Harafin ainun kuwa a farkon kalma yakan ɓace, kamar a ilimi da aibi da Umaru. Da hankali ya bi wannan ƙa'ida, da wata siffa dabam zai ɗauka, kuma lalle akwai irinta: a zauren karatu malamai suna cewa aƙili idan suna nufin mai hankali. Amma kalmar da take bakin kowa da kowa ta zo da h a gaba, da n a tsakiya, da k marar lanƙwasa. Wannan alama ce ta cewa ba daga allo ta faɗo cikin Hausa ba. Ta bi ta bakin wasu mutane tukuna, ta goge, sa'an nan ta iso.

Su wane ne waɗannan mutane? Cikin duk siffofin da aka jera a sama, babu mai n ɗin nan ta tsakiya sai hangal ta Kanuri da hankali ta Hausa. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya buga wata maƙala a 1960 a kan tasirin Kanuri bisa Hausa, inda ya nuna cewa karatu da rubutu ta hannun Barebari suka shigo, kuma tu ɗin da ke ƙarshensu ɗafin Barbarci ne. Karatu ma daga kalmar Larabci mai ƙaf ta fito, amma ga ta da k marar lanƙwasa, alhali ƙanwarta ƙira'a, wadda ta zo daga baya ta hannun malamai, ta riƙe lanƙwasarta. Tsakanin karatu da ƙira'a daidai yake da tsakanin hankali da aƙili. Haka kasuwa: suƙ ce ta Larabci, Barebari suka ƙara mata ka a gaba kafin ta ƙaraso. Sarautu irin su Galadima da Ciroma da Yarima duk daga fadar Barno aka kwaikwayo su.

Tarihi ma yana goyon bayan wannan. Sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci tun wajen ƙarshen ƙarni na 11, zamanin Mai Hume. A Kano kuwa, littafin tarihin sarakunanta ya nuna zuwan Wangarawa da addini a zamanin Sarki Yaji ne, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Tazarar ta kusa shekara 300. Littafin nan ya kuma ba da labarin wani ɗan sarautar Barno, Dagaci, da ya zo ya zauna a Kano da jama'a mai yawa a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15. Ɗaliban ƙasar Hausa kuwa har yau idan za su tafi neman Alƙur'ani cewa suke sun tafi gabas.

Akwai kuma shaida rubutacciya a kan daɗewar kalmar a Barbarci. Wani Babarbare mai suna Ali Eisami, ɗan malami daga kusa da Birnin Gazargamu, an kama shi bauta a lokacin yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, aka yi ta sayar da shi har bakin teku. Jirgin yaƙin Ingila ya tare jirgin da ke ɗauke da shi, aka sauke shi a Saliyo a 1818. Bayan shekaru, wani Bajamushe ɗan mishan, Sigismund Koelle, ya zauna da shi ya rubuta harshensa, ya buga nahawun Kanuri da littafin labarai da jerin kalmomi a 1854. A cikin jerin nan akwai angal, da ma'anar hankali da hikima. Mutumin da aka raba da gari da dangi da dukiya, ga shi ya ƙetare da kalmar a bakinsa. Idan aka haɗa waɗannan alamu duka, abin da ya fi ƙarfi shi ne hankali ya bi hanyar da karatu da kasuwa suka bi.

Irin wannan aro ba a fada kaɗai yake faruwa ba. A zango da bakin rijiya da rumfar kasuwa ya fi yawa. Tsohuwar Maiduguri kanta ƙauyen kasuwa ce tun kafin a san za a yi babban birni a wurin. Bayan Rabe ya rushe Kukawa a 1893, shi kuma aka kashe shi a 1900, sai Turawan Ingila suka kafa sansanin soja a Maiduguri. Shehu Abubakar Garbai ya kafa sabuwar fadarsa a Yerwa, kusa da ita, a 1907. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, ya ƙara kwararo fatake da ma'aikata masu jin Hausa. Sabon gari ya girma ya haɗiye sunan tsohon, har ya zama sai an ƙara “tsohuwa” kafin a gane wadda ake nufi. Yau tana cikin Ƙaramar Hukumar Jere, kuma a lungunanta hangal da hankali suna gaisawa kullum, masu faɗarsu ba su san 'yan uwan juna ba ne.

Yadda Bahaushe ke sarrafa ta

Abin sha'awa shi ne, duk da nisan tafiyar, ma'anar dabaibayi ba ta kuɓuce ba. Bahaushe ya bambanta hankali da ilimi, don yakan ce wane yana da karatu amma ba shi da hankali. Ya bambanta shi da wayo, don a tatsuniya Gizo da dila sun ƙoshi da wayo, amma ba wanda ya taɓa yi musu shaidar hankali. Idan aka ce yarinya mai hankali ce, ba ana nufin ta fi kowa lissafi a aji ba. Ana nufin ta san inda za ta tsaya da magana, ta san girman na gaba. Idan aka ce a tafi a hankali, ana nufin a rage gudu, a riƙe linzami. Masu iya magana suka ce hankali ke gani, ido gululu ne, suka kuma ce sai mai hankali ke gane furfurar farar tunkiya. Baturen nan Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa kafin ya koma koyarwa, ya sa hankali cikin halaye goma na mutumin kirki a wani ɗan littafi da aka buga a 1974. Fulani ma sun jera hakkillo tare da kunya da haƙuri cikin ginshiƙan pulaku.

In aka dubi aikatau da ke rakiyar kalmar, sai a ga kamar wata dabba ce a turke ake magana a kanta. Hankali yana kwanciya, yana tashi. Ana jawo shi, ana mai da shi kan abu, ana ɗauke shi. Yakan rabu biyu, yakan gushe, yakan kuma dawo. Wanda ya yi abin kunya akan ce masa ya shiga hankalinsa. Wanda ya ƙi ji akan yi alkawarin koya masa hankali. Bahaushe yana da tasa igiyar raƙumin, watau akala, kuma ya san raƙumin da ya tsinke akala ba yanka shi ake yi ba, binsa ake yi a lallaɓo shi a dawo da shi.

Cikin duk waɗannan, babu wadda ta kai tashin hankali nauyi. Da wannan lafazi ɗaya Bahaushe ke kiran tarzoma da yaƙi da ƙone-ƙone a gari, da shi kuma yake kiran damuwar da ke hana uwa barci idan ɗanta bai dawo gida ba. Ingilishi sai ya nemi kalmomi dabam-dabam kafin ya faɗi waɗannan biyu. Hausa ta ɗaure su wuri guda, kamar tana cewa fitinar da ta tashi a titi ba ta ƙarewa a titi, sai ta bi kowa har shimfiɗarsa. Kishiyarta ma haka take: idan hukuma ta ce an sami zaman lafiya da kwanciyar hankali, alkawari biyu ta ɗauka, na gari da na zukata.

Inda maganar ta shafi rayuka

Mutanen Barno sun san wannan fiye da kowa. An ce tashin hankali ba a sa masa rana, to su kam sun ga ranakunsa. Rikicin da ya ɓarke a Maiduguri cikin watan Yuli na 2009 ya zama mafarin fitinar Boko Haram. An kafa dokar ta-ɓaci a Barno da Yobe da Adamawa a watan Mayu na 2013. A 2014 garuruwa irin su Bama da Gwoza suka faɗa hannun 'yan bindiga, jama'a suka kwararo Maiduguri da abin da suka iya ɗauka a ka. Waɗanda fitinar ta raba da gidajensu a Arewa maso Gabas sun haura miliyan 2, kuma da yawansu ba a sansani suka sauka ba, a gidajen dangi da na masu tausayi suka raɓa, cikin unguwanni irin su Tsohuwar Maiduguri. Ana cikin farfaɗowa kuma, sai madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shanye babban sashe na birnin.

Wanda ya ga irin waɗannan abubuwa da idonsa, ba mamaki ya kasa barci, ko ya riƙa firgita idan ƙofa ta buga, ko ya daina magana da mutane, ko ya riƙa ganin abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa. Likitoci sun san wannan ciwo, kuma yana jin magani da shawara. A ma'aunin Hausa, wannan mutum hankalinsa ne ya tashi bai kwanta ba tukuna. Amma sau da yawa maƙwabta sukan yi tsalle su wuce duk matakan da harshen ya tanada, su ce ya taɓu, ko su ce ya haukace. Da zarar an liƙa wa gida wannan suna, sai dangi su shiga ɓoye marar lafiya, don gudun kada a ƙi auren 'ya'yansu, ko a daina karɓar shaidarsa, ko a janye masa jari. Wanda ya kamata a kai asibiti sai a kulle shi a ɗaki. Wani ma akan sa masa mari. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2019 cewa ana ɗaure dubban masu irin wannan lalura da sarƙa a sassa dabam-dabam na Nijeriya. Igiyar da ta sassauta a cikin zuciya take, ƙarfen da aka sa a ƙafa ba ya kai wa gare ta.

Wani ɓangare na laifin yana ga yadda ake cakuɗa kalmomi. Da “marar hankali” ake zagin ɗan iska da ya zaɓi rashin kunya da gangan, da ita kuma ake kiran majinyacin da bai zaɓi kome ba. Na farko abin zargi ne. Na biyu kuwa shari'ar da ta sa hankali sharaɗi ita ce ta ɗauke masa nauyi, ta ɗora wa danginsa da hukuma kula da shi. Idan kalma ɗaya ta rufe su biyun, kunyar na farko sai ta koma kan na biyu.

Hukuma ta ɗan motsa a nata ɓangaren. Tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda ta gaji ta Turawa ta 1916, ta fi mai da hankali ga tsare majinyaci bisa ga warkar da shi. An maye gurbinta da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda aka bayyana sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a farkon 2023, kuma ta tanadi haƙƙin majinyaci da mutuncinsa. A Maiduguri akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na musamman domin cututtukan ƙwaƙwalwa. Tun a 1954 ma, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata dabara a Aro kusa da Abeokuta, inda majinyata ke kwana a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, aka kuwa ga amfanin zama cikin mutane. Sai dai doka da asibiti ba sa zuwa gida su ɗauko mutum. Dangi ne ke kai shi, su kuwa dangi sai sun tabbata ba za a yi musu dariya a unguwa ba.

A nan ne aikin masu riƙe da harshe yake: limamai a kan mumbari, malaman makaranta, masu unguwanni, ma'aikatan rediyo da na jarida, da masu shirya wasan kwaikwayo waɗanda suka saba mai da majinyaci abin ban dariya. Ba sai an ƙirƙiro sababbin kalmomi ba, gama Hausa ta riga ta tanadi matakai. Akwai damuwa, akwai firgita, akwai tashin hankali, akwai rabuwar hankali, akwai gushewarsa na ɗan lokaci, sa'an nan akwai taɓin hankali, wanda shi ma ciwo ne kamar hawan jini, ana shan magani a ci gaba da sana'a. A kira kowane da sunansa. Wanda aka ce hankalinsa ya tashi, kowa ya san abin da ya rage shi ne a taimaka a kwantar masa da shi, kuma ba ya jin nauyin zuwa wurin likita da wannan suna.

Mutanen Tsohuwar Maiduguri da sauran unguwannin Yerwa sun riga sun yi babban aiki, da suka buɗe ƙofofinsu ga baƙi a lokacin da su kansu ba su da yalwa. Abin da ya saura bai kai wannan tsada ba, tun da magana ce kawai za a auna kafin a furta. Allah ya ba Barno da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya, ya kwantar da hankalin duk wanda nasa ya tashi, amin.